Tambari Mai Fito da Ruwan da Ya Ci Tungar Mode

Idan mutum ya fita ta Ƙofar Dundaye ya bi gangare, ƙasa takan yi ta sauka da shi har ya bar jan tudun da birnin Sakkwato yake zaune a kai, ya faɗa fadama. Can ƙarshen gangaren, inda gulbi ya yi gwiwa, akwai wani farin yashi mai faɗi, bayansa kuma ɗan tudu wanda bai kai tsayin mutum biyu ba. A kan wannan ɗan tudun Tungar Mode ta zauna. Gidajenta ba su wuce talatin ba, mafi yawansu bukkoki ne da dangar kara, sai masallaci guda na jan laka mai rufin ciyawa.

Mode da aka sa wa wurin sunansa Basarke ne daga ƙasar Kabi. An ce ya iso da jirage biyu da ƙannensa tun ganuwar birni ba ta gama bushewa ba, ya ga mutane suna tsaye a gaɓa da jakunansu sun rasa mai ƙetarar da su, sai ya kafa gorarsa a yashi ya zauna. Daga baya Zabarmawa masu noman albasa suka raɓu da su, da wasu Adarawa da suka zo da gishiri ruwa ya tare su damina guda, ba su ƙara komawa ba. Aure ya cuɗe su har ba a tantance wane ne wane. Maza suna su da fito, mata suna haƙo yumɓu a ƙasan tunga suna gina tulu da randa. Da rani gulbi yakan janye ya bar yashi, yara su yi kokawa a kai, masu wanki su shanya riguna, a dasa albasa da taba a laimar da ruwa ya bari. Da damina kuwa ruwa yakan shafe fadama duka har shinkafa ta rinƙa leƙe, tunga ta koma kamar ƙwarya a cikin kwatarniya. Mutanen birni suna ce musu mutanen ruwa, suna tsokanarsu da ƙarnin kifi, amma kifin nasu suke ci, kuma duk baƙon da ya nufo Hubbare ziyara daga arewa, a jirginsu yake ƙetarowa.

Ta gabas da tunga, daidai inda ruwa yake bugowa kafin ya yi gwiwa, akwai kurmin giyayya, itatuwa wajen ɗari biyu, ƙarƙashinsu ciyawar jema ta yi duhu ta kama ƙasa. Tun zamanin Mode ba a sa wa kurmin nan gatari. Reshen da ya faɗo da kansa shi kaɗai mata suke ɗauka. Yara ana ce musu aljannu ne a ciki, manya kuwa sun san dalilin gaskiya.

A nan aka haifi Tambari, shekara ashirin da ’yan kai kafin zuwan Nasara. Uwarsa ta rasu bai yi arba’in ba, sai maƙwabciyarsu Bara’atu, maginiyar tukwane, ta ɗauke shi ta haɗa da nata jaririn, Lawwali, ta shayar da su tare. Inna yake ce mata, kuma har ya yi gemu idan ya wuce ta ƙofarta bai leƙa ba, sai ta aika a tambaye shi laifin da ta yi masa. Lawwali ya tashi masunci, mutum mai sanyi wanda zai iya wuni a kan jirgi da komar kamun kifi bai ce uffan ba. Tambari ya gaji ubansa a fito. Dogo ne, ga ƙarfin kafaɗa, ga baki. Ya san gulbin nan kamar yunwar cikinsa: inda rami yake, inda yashi ya taso bana, inda ruwa yake juyi. Yana saurayi aka yi wata babbar ambaliya, ubansa ya tura jirgi da shi har bakin kurmi, ya nuna masa yadda ruwan yake zuwa da fushi, ya bugi giyayyun nan, ya karye, ya kauce ya bi ta yamma. Ya gaya masa ranar da itatuwan nan suka faɗi, ranar tunga za ta bi ruwa. Tambari ya ji, ya kuma gani da idonsa.

Nasara suka zo suka ci gari, aka yi gudun da aka yi, aka dawo. Mutanen tunga ba su ga wani canji ba sai yawan kaya: akwatuna, da buhuna, da sojoji masu tsoron ruwa. Wajen shekara takwas da haka sai wani Baturen safiyo ya gangaro fadama da tafinta da masu jan igiyar awo, saboda haka aka sa masa suna Mai Igiya. Hanya ake so a fitar daga birni zuwa arewa, a cike ta da ƙasa ta tsallake fadama, a kuma yi mashigi inda za a sa babban jirgi mai ɗaukar dawaki da amalanke. Kwana shida Tambari yana tuƙa shi sama da ƙasa. A rana ta biyar ya tsinta daga bakin tafinta cewa Baturen ya fi karkata ga wani mashigi can ƙasa, tafiyar rabin wuni daga tunga.

Tambari ya yi ta juya maganar a ransa. Idan mashigi ya koma can, fito ya mutu a Tungar Mode, masu sayar da kifi da fura a gaɓa su rasa mai saye. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya rinƙa gaya wa kansa shekaru da yawa bayan haka. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta. Tafinta ya ce duk inda aka sa babban jirgin za a naɗa masa shugaba, da jar dara da riga, ba ya ƙarƙashin Sarkin Ruwa. Tambari kuwa ya daɗe yana ganin ya fi ƙarfin a rinƙa aikensa.

Washegari da hantsi ya tsayar da jirgi a bakin kurmi. Ya ce wa tafinta ya gaya wa Bature nan ne gulbi ya fi ƙunci, ƙasan ruwa tsakuwa ce, ga kuma itacen da za a yi turaku da shi a tsaye, ba sai an ɗauko daga nesa ba. Mai Igiya ya sauka ya zaga, ya caka sanda a ƙasa, ya dubi bukkokin tunga, ya yi wata magana. Tafinta ya juyo ya ce Bature yana tambaya, idan aka sare itatuwan nan aka fasa gaɓa, ruwa ba zai shiga wa mutanen can ba?

Tambari ya ce, “Ruwa bai taɓa shiga tunga ba tun da anka kahwa ta. Itace na kawai, ranka shi daɗe.”

Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa ta fita da sauƙi. Bature ya rubuta a takardarsa, suka koma.

Bayan wata biyu umarni ya sauko daga birni ta bakin dogarai cewa za a sare kurmi. Ba wanda ya san daga inda shawarar ta fito. Abin da aka sani shi ne Nasara sun auna sun ga dama. Sarkin Ruwa na lokacin, wani dattijo mai suna Audi, jikan Mode, ya ɗaura rawaninsa ya ce zai hau birni ya roƙi arziki. Ya zaɓi Tambari ya raka shi, don shi ne ya san Baturen, shi ne kuma mai baki. Suka wuni a ƙofar ofis a rana. Da aka shigar da su Audi ya durƙusa ya yi bayani, ya rikice ya kawo zancen kakanni da na aljannu, tafinta yana murmushi yana juyawa. Bature ya ce ai ya tambayi wanda ya san ruwa, an tabbatar masa ba komai. Bai faɗi suna ba, bai ma dubi inda Tambari yake ba. Audi ya waiwayo yana jiran Tambari ya sa baki. Tambari ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. A hanyar komawa ya ce wa tsohon ai magana da Nasara sai a hankali, wanda ya matsa yakan kwana a gidan yari. Audi ya ce haka ne, Allah ya kyauta.

Aka kawo mutanen ƙauyuka aikin dole, suka yi kwana ashirin suna sara. Aka tumɓuke jema, aka fasa gaɓa aka yi gangare mai faɗi har cikin ruwa, aka kafa turaku. Tsofaffin tunga suka daina bi ta wajen. Babban jirgi ya iso, aka ba Tambari jar dara da mutum shida a ƙarƙashinsa.

Abin da ya ƙara ɗaure shi shi ne alherin da ya biyo baya. Mashigi ya cika da mutane. Fatake masu fata da gyaɗa suka rinƙa kwana a yashi, kasuwa ta tsiro, matan tunga suna suyar kifi tun safe har la’asar. Randunan Inna Bara’atu suka kai har ƙasar Gobir a kan jakuna. Aka yi wa masallaci rufin azara. Mutane suka ce ashe alheri ne Allah ya ɓoye a cikin abin da suka ƙi, kuma da yake ɗan tunga ne a kan jirgin, sai suka rinƙa sa masa albarka. Inna takan ce wa masu sayen tukwanenta wancan mai jar hular, nononta ya sha.

Shi kaɗai yake ganin abin da ruwa yake yi. Kowace damina gaɓar gabas tana zubewa kaɗan kaɗan. Akwai wani kututture da ya sa wa ido: shekarar farko taki goma ne tsakaninsa da ruwa, ta biyu taki shida, ta uku ya wayi gari babu shi. Sau biyu yana shirya zuwa wurin Sarkin Ruwa ya ce a tashi mutanen ƙasan tunga a mayar da su tudu, sau biyu yana fasawa, don ya san tambayar da za ta biyo baya, kuma yana tsoron a gane a fuskarsa. Sau ɗaya ya ce wa Inna ta dawo gidansa da zama, ɗakinta ya yi kusa da ramin yumɓu. Ta yi dariya ta ce a ɗakin nan ta yaye shi, yanzu ne da ya yi hula zai ga ƙasƙancinsa? Bai ƙara tayar da maganar ba. Matarsa Sadiyatu ta lura idan hadari ya haɗo ta gabas ba ya iya cin tuwo, ta ɗauka nauyin jirgin Nasara ne.

A damina ta biyar aka yi kwana uku ana ruwa can gabas, a Sakkwato kuwa ko ɗigo. Ranar wata Laraba da hantsi, rana tana haske, Tambari yana tsallaken arewa ana loda masa buhunan gero, sai ya ga ruwan ya sauya launi ya yi ja, yana ɗauke da karan dawa da rufin bukkoki. Kafin a sauke buhunan ya tura jirgi, gulbi ya riga ya hau gangaren da aka fasa, ya miƙe ɗoɗar cikin tunga, bai ko yi gwiwar da ya saba ba.

Abin da Tambari ya yi a wunin nan har yau jikokin mutanen tunga suna faɗa. Ya shigar da babban jirgin tsakanin gidaje inda ba mai hankalin da zai shiga, yana tsinto mutane daga kan rumbuna da rufin masallaci. Sawu bakwai ya yi zuwa gindin tudun birni. Gorarsa ta karye ya karɓi ta wani, tafin hannunsa ya sale bai sani ba. A sawu na uku ya ɗauko matar Lawwali da ’ya’yanta huɗu daga kan danga; Lawwali kansa yana can ƙasa wurin kamun kifi, bai dawo ba sai da yamma. Tambari ya tambayi matar ina Inna, ta ce tun safe ta gangara ɗakinta duba tukwanen da ta shanya. Ya juya jirgi ya nufi can. Babu ɗaki, babu danga, sai ruwa yana juyi a kan ramin yumɓu.

Mutum uku aka rasa: Inna Bara’atu, da wani makaho Bazabarme, da jaririyar da ta suɓuce daga bayan uwarta. Ruwa ya kuma yanki rabin maƙabarta ya tafi da shi, har da kabarin uban Tambari. Bayan kwana biyu aka tsinci Inna a cikin shinkafa, nesa ƙasa. Tambari da Lawwali suka sa ta a rami tare. Da aka watse Lawwali ya kama hannun Tambari mai ciwo ya riƙe, ya ce ba don shi ba da yau gida guda zai binne. Tambari ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, Allah ya jiƙanta.

Rabin tunga ya zama gulbi. Waɗanda suka rage suka hau gangaren da ke ƙasan ganuwa suka kafa bukkoki, wasu suka bi dangi zuwa ƙauyuka. Nasara suka gyara mashigi, aiki ya ci gaba. Aka ƙara wa Tambari girma, har wani Bature ya ba shi agogon aljihu a gaban jama’a. Mata suka sa sunansa a waƙar daka. Idan ya jiyo ta daga bayan danga sai ya sauya hanya. Ya rame, ya rage magana, ya zama mai yawan azumin nafila, mutane suka ce rasuwar Inna ce ta taɓa shi. Kusan kowace Juma’a yakan kai wa iyalin Lawwali wani abu, ko gero ko zane, Lawwali yana cewa ɗawainiyar ta yi yawa. Uwar jaririyar nan kuwa, idan ta zo ƙetarewa, sai ya sami abin dubawa a ɗaya gefen jirgin har ta sauka.

Haka ya yi shekara bakwai. Mai Igiya ya daɗe da komawa ƙasarsu, tafinta ya mutu, babu sauran mai tona shi a duniya.

Sai Sarkin Ruwa Audi ya kwanta ciwon ajali. Wata la’asar ya sa aka tara masa manyan tunga a zaurensa, aka jingina shi da bango. Ya ce yana da abin da zai roƙa kafin ya tafi. Ya ce shi aka ba amanar kurmin nan daga kakansa, shi ya je gaban Nasara ya kasa magana, ya kawo zancen aljannu aka yi masa dariya. Da ya tsaya da ƙarfi, ko da ɗaure shi za a yi, da Bara’atu da sauran suna nan. Ya ce shekara bakwai bai yi barci mai daɗi ba. Ya bi su ɗaya ɗaya yana neman gafara, har ya zo kan Tambari.

“Kai ka raka ni, ka ga yadda nik kasa. Ka yahe mani, ɗana.”

Tambari ya ce ya yafe. Da bakinsa ya faɗa, a gaban mutane, tsohon ya yi ajiyar zuciya ya lumshe ido. Kwana biyu bayan haka ya cika.

Ranar da aka binne shi Tambari bai koma mashigi ba. Ya hau birni, ya shiga ta ƙofa, ya bi lunguna har unguwar Hubbare, wurin wani malami mai suna Abdulwahabu wanda ya saba ƙetarar da shi idan zai je gonarsa. Ya jira masu ɗaukar karatu suka tashi, sannan ya matsa ya faɗi komai, tun daga bakin kurmi har zauren Audi. Bai rage ba, har zancen hular. Malam ya saurare shi har ƙarshe. Bai yi masa faɗa ba, bai kuma lallashe shi ba. Ya ce ruwa na Allah ne, ajali ma nasa ne, amma ƙaryar ta Tambari ce, shirun ma nasa ne. Ya ce abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba tana shafe shi, amma haƙƙin mutane sai mutane. Azumin da yake yi ba zai biya wa Lawwali uwa ba. Tambari ya tambaya ko zai iya kiran Lawwali gefe ya gaya masa shi kaɗai.

Malam ya ce, “Audi gaban jama’a yaɗ ɗauki laihin da ba nashi ba. Gaban jama’a za ka sauke mai shi.”

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha a ƙofar gidan mamacin, mutane suna shirin tashi, Tambari ya miƙe ya ce a dakata. Ya cire jar darar ya riƙe a hannu. Mai bakin nan na da sai ga shi yana in’ina. Ya ce shi ya kai Bature kurmi, shi aka tambaya ya ce ruwa ba zai shiga ba alhali ya sani, shi ya yi shiru a ofis, shi ya ga gaɓa tana zubewa shekara huɗu bai faɗa ba. Ya ce Sarkin Ruwa ba shi da laifin komai.

Ba a yi hayaniya ba. Wani tsoho ya ce a bar tone-tone, abin da ya wuce ya wuce, kuma wanda ya fid da mutum arba’in daga ruwa ai ya biya. Wani ya ce ba a biyan rai da rai haka. Liman ya yi ta salati. Uban jaririyar ya tofar da yawu ya ce Allah ya isa, ya maimaita, ’yan’uwansa suka janye shi. Daga cikin gida, ta bayan zana, sai muryar babbar ’yar Audi ta fito, ba da ƙarfi ba. Ta ce kwana biyar da suka wuce ubanta yana da kunnen jin wannan magana, me ya hana a faɗa masa ya mutu da sauƙin zuciya? A cikin duk abin da aka faɗa wa Tambari a duniya, wannan ne bai taɓa barinsa ba. Lawwali kuwa ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya sa takalmi ya tafi.

Washegari Tambari ya mayar da hula da agogo ofis, ya ce jikinsa ya gaza. Aka naɗa wani. Sadiyatu ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, ba don kurmin ba, ta ce don shekara goma sha biyu tana kwana ɗaki ɗaya da mutum ashe ba ta san shi ba. Daga baya ta sauko, ta kama sana’ar ƙuli-ƙuli don gidan ya tsaya. Tambari ya gyara tsohon jirgin ubansa ya koma ƙananan fito, yana ƙetarar da masu itace da mata masu tallan nono waɗanda babban jirgi ba ya jira. Aka daina sa sunansa a waƙar daka. Wasu suka daina shiga jirginsa, wasu suka ci gaba kamar ba a yi komai ba, kuma ya rasa wanne ya fi masa ciwo. A masallaci ya koma sahun baya. Ya je gidan iyayen jaririyar sau uku, a na ukun uwar ta fito ta ce ita ta bar wa Allah, kada ya ƙara zuwa. Dangin makahon ya bi sawunsu har wani ƙauye a yamma, ya tarar ba wanda ya rage sai wata jika da ba ta ma san kakan nata ba.

Lawwali bai zage shi ba, bai kai ƙararsa ko’ina ba. Geron da Tambari ya aika ranar Juma’a ta farko an dawo da shi, shi ke nan. Idan suka haɗu a gaɓa Lawwali yakan amsa sallama don ta Allah ce, ya ci gaba da gyaran komarsa. Shekara huɗu suna haka, gidajensu ana jin tarin juna.

A rani na biyar kifi ya yi ƙaranci, Lawwali ya yanke shawarar komawa Yawuri da iyalinsa, inda babban ɗansa ya riga ya zauna. Ya sayar da jirginsa. Ranar tafiya iyalin suka ƙetare a babban jirgi da kayansu, don ayarin da za su bi ya sauka a tsallake. Shi ya tsaya sallama da mutane har jirgin ya tashi ya bar shi. Ya tsaya a yashi yana dube-dube. Ba kowa a gaɓa sai Tambari. Lawwali ya tattare riga ya shiga jirgin Tambari ya zauna a gaba, ya ba shi baya.

Ruwan rani ne, ba zurfi, gora tana taɓa ƙasa. Sai da suka kai tsakiya Lawwali ya yi magana, bai waiwayo ba. Ya ce ya daɗe yana auna abin, ya ga ’ya’yansa huɗu suna raye ta hannun wanda ya kashe masa uwa, ya rasa yadda zai haɗa biyun.

“Abin da kay yi mani, na yahe, don nono guda munka sha. Na Inna ba nawa na ba, balle in yahe. Ku gamu can, ka hwaɗa mata da bakinka.”

Tambari ya ce ya gode. Jirgi ya taɓa yashi, Lawwali ya sauka ya bi ayari. Ba su ƙara ganin juna ba.

Tambari ya ƙara shekara shida yana fito, har gwiwoyinsa suka ƙi. Daga nan sai ya rinƙa zama a inuwar ganuwa yana saƙa wa masunta taru. Idan baƙo ya tambaye shi labarin wurin, yakan ba shi tun daga Mode, ya nuna masa da sanda inda masallaci yake da inda ramin yumɓu yake, kuma idan ya zo kan ambaliya ba ya tsallake nasa, ko da mai tambayar bai nema ba. ’Ya’yansa sun sha roƙonsa ya daina, suna cewa yana zubar musu da mutunci a kasuwa. Bai daina ba. Ya rasu a shekarar da fara ta cinye gero, da rana tsaka, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Mutanen tunga da suka rage sun zo jana’iza, ban da gida biyu, na iyayen jaririyar da na Audi. ’Yar Audi ta aiko da ƙwaryar gumba ranar uku, amma ita ba ta zo ba.